Randar Inno ta Ƙarƙashin Bene

"Ya tofar! Wallahil azim, a gaban iyalan mutane ya tofar!"

Mudirin gidan abincin ne ke ta ɗaga murya da Larabci, hannu ɗaya riƙe da bokitin ƙanƙara, ɗayan yana nuna baƙon da Wejdan ta kawo. Cikin bokitin, jan ruwan inabi ya ɓata ƙanƙarar kamar an yanka kaza a kai. A teburin gefe wata mata ta jawo 'ya'yanta jikinta, mijinta kuwa har ya fara naɗe hannun riga.

Shi baƙon, Malam Badaru, ko a jikinsa. Ya goge baki da farin ƙyalle, ya gyara zaman tabaransa, ya dubi Wejdan.

"Ƙanwata, me mutumin ke cewa?"

"Cewa yake mu fita."

"Bon. Gaya masa wannan ba inabi ba ne, sukari ne aka sa wa jar riga."

"Ba abin da zan gaya masa. Yalla, tashi, tun ba a kira mana 'yan sanda ba."

Ta finciki jakarta, ta ba mudir haƙuri iya ƙarfin bakinta, ta tasa ƙeyar baƙon har waje. Zafin Jidda ya mare su a bakin ƙofa, danshin teku ya manna mata abaya a gadon baya. Kuma ba wannan ne gidan abinci na farko da aka koro su yau ba.

Malam Badaru mutumin Damagaram ne, amma tun yana saurayi Faransa ta haɗiye shi. Sana'arsa guda ce: ya bi manyan birane, ya shiga gidajen abinci, ya ɗanɗana giyar inabin da suke da ita, ya rubuta wa wani kamfanin yawon buɗe ido inda ya dace a kai attajiran da ba a burge su da sauƙi. Zai juya kofi, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya wasa a baki kamar mai kurkure, sannan ya tofar. A can ƙa'idar aikin ke nan. Kamfanin ya ji an ce Saudiyya ta buɗe wa baƙi ƙofa, sai ya turo shi. Larabcinsa bai wuce na salla ba, shi ya sa Thamer, mai ofishin da Wejdan ke wa aiki, ya haɗa shi da ita, don ita kaɗai ke jin Hausa a ofishin.

Ita kuwa a unguwar Hindawiyya, nan cikin Jidda, aka yanke mata cibi. Kakanta ya zo Hajji daga Haɗeja da ƙafa, bai koma ba. Ta sha yawon ofisoshi kafin ta rataya katin jagorar baƙi a wuya, ta sha jin "za mu kira ki" kafin Thamer ya miƙa mata makullin farar motar nan. Ranar da ta fara shigar da ita unguwa, guɗa mata suka yi mata daga tagogi.

"Malam Badaru," ta ce bayan ta tayar da mota, "tun a filin jirgi na gaya maka ba a sayar da giya a gidajen abincin garin nan. Na kai ka inda suke da ruwan inabi marar sa maye kala-kala, ka tofar. Na kai ka inda suke haɗa tuffa da na'ana'a da ruwa mai gas a tulun gilashi, ka tofar. Yaya kake so in yi da kai?"

"Ba wulaƙanci ba ne, aiki ne. Ni fa ban taɓa haɗiyewa ba, Allah shaida. Kuma ina sallata."

"Wannan tsakaninka da malamai."

"Ki ji, ƙanwata, na zaga duniya. Babu birnin da ba shi da ƙofar baya."

"To, Jidda bayanta teku ne."

Wayarta ta hau ruri. Thamer ne. Ta ɗauka da Larabci.

"Ya Wejdan, me ke faruwa? Mudirin ya kira ni yana kumfar baki. Kin san in mutumin nan ya yabe mu, duk baƙin kamfaninsu ta hannunmu za su biyo?"

"Na sani, Ustaz Thamer. Abin da yake nema ne babu."

"Akwai." Ya sassauta murya. "Ba a Hindawiyya kika tashi ba? Ku ai kun san lungunan da ake samun irin waɗannan abubuwa."

Ta taka burki da ƙarfi har tabaran Badaru suka zamo ƙarshen hancinsa. Na bayanta ya danna mata hon.

"Mu su wa?"

"Kin gane ai."

"Ban gane ba. Faɗa mini da bakinka, mu su wa?"

"Kar ki mayar da ita wata magana. Kafin magariba ina so baƙon nan ya kira ni yana dariya. In bai kira ba, ki ajiye mini makullin mota a kan tebur. Halas."

Ya kashe. Wejdan ta riƙe sitiyari har jijiyoyin hannunta suka tashi.

"Lafiya?" in ji Badaru.

"Lafiya lau. Hindawiyya ya ce, Hindawiyya za mu. Tun safe tofarwa kake, ba abin da ya shiga cikinka. Abinci za ka ci."

A ranta kuwa ta riga ta tsara: za ta ƙullo ledar sobiya, abin shan nan na Hijaz da ake jiƙa sha'ir ko busasshen burodi a tace a sa sukari, ta dire wa Thamer a tebur, ta ce ga giyar unguwarsu. In ya so ya yi abin da zai yi.

Ta ajiye motar a bakin layi, suka shiga da ƙafa. Ruwan na'urorin sanyaya ɗaki na ɗiga daga benaye, hayaƙin masu tsire ya cika lungu, Hausa da Larabci na cakuɗuwa a bakin kowa. A gaban wata koriyar ƙofar ƙarfe ta tsaya, ta juyo.

"Doka biyu. Nan ba a ɗaukar hoto. Kuma ba a tofarwa."

"Me ya sa hoto?"

"Don na ce."

Ba ta gaya masa dalilin ba. Inno aminiyar mahaifiyarta ce, ita ta goye ta, ita ta yaye ta. Daga Misau ta zo Hajji tun ba a haifi Wejdan ba, ta zauna. Ba iƙama ta izinin zama, ba kafili mai tsaya mata, ba wata takarda mai ɗauke da sunanta. Iyakar duniyarta bakin layin nan ne, sobiya kuma ita ce cinta da shanta.

Suka same ta a tsakar gida tana ƙulla ledoji, fara gefe, ja gefe, hannuwanta sun sha jan lalle.

"'Yar nan, wa kika kwaso mini da rana tsaka?"

Badaru ya cire takalmi, ya rusuna, ya kwararo gaisuwa irin ta mutanen Damagaram, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi. Fuskar Inno ta saki.

"Au, ashe ɗan gida ne aka sa wa wandon Nasara. Zauna, zauna. Ka rame kamar ba ka da uwa."

Ta zubo masa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa busasshiya, ta aika aka karɓo tsire. Ya ci har ya sassauta bel. Ta tsiyayo masa farar sobiya mai sanyi. Ya juya kofin, ya kai hanci, ya kurɓa. Wejdan ta zuba masa ido. Ya haɗiye da ƙyar kamar mai shan magani.

"Ba laifi," ya ce. "Tana da gaskiya. Abin da aka zuba shi kake ji."

"Ba laifi?" Inno ta dubi Wejdan. "A garinsu haka ake yabo?"

Ana fitowa daga la'asar aka turo ƙofa. Baba Usuman ne, tsohon direban babbar mota, wanda sahun farko bai taɓa wuce shi ba, yana dogara sanda, da kofin silbarsa a hannu.

"Assalamu alaikum. Inno, a taimaka wa gwiwa. A ba ni ta dattawa."

"Ka ji shi. Kullum gwiwa."

Ta miƙe ta nufi ƙarƙashin bene, inda wata tsohuwar randa ke zaune cikin duhu, an rufe ta da faifai da tsumma. Tana ɗaga faifan wani ƙamshi mai kauri ya bazu a tsakar gidan. Hancin Badaru ya motsa. Ya ajiye tsinken tsire, ya miƙe tsaye a hankali.

"Hajiya, wannan fa?"

"Ba ta yara ba ce. Ta zabibi ce, dattawan layi nake wa."

"Don Allah, ɗan kurɓi ɗaya."

Ta cika wa Baba Usuman kofinsa, ta sam wa Badaru a kofin gilashi. Ya ɗaga shi sama ya kalli launin, ya juya, ya cusa hanci ya daɗe bai ɗago ba. Ya kurɓa, ya wasa a baki, idanunsa a rufe. Sai ya juya ga magudanar ruwa ya tofar.

Ludayin Inno ya sauka a kafaɗarsa, ƙwal!

"Marar kunya! A gidana? Ka cinye mini tuwo sannan ka tofar mini da sana'a?"

"Pardon, Hajiya, pardon! Wannan dole in tofar. Irin wannan ce ba na haɗiyewa."

"Irin wacce?"

Badaru ya juya ga Wejdan, fuskarsa na sheƙi.

"Ƙanwata, kin samo mini. Tun safe muna bin gidajen gilashi, ashe tana nan ƙarƙashin bene."

Baba Usuman ya tsaya da kofi tsakanin ƙirji da baki.

"Me yake cewa?" Inno ta tambaya.

"Cewa yake ta juya, Inno," in ji Wejdan, muryarta ƙasa-ƙasa. "Cewa yake tana sa maye."

"Ƙarya yake, wallahi ƙarya yake! Ni? Ni da ƙafafun nan sun san kowane dutse na wurin ɗawafi? Sha'ir ne da zabibi da sukari da kirfa. Wanne ne haramun a ciki?"

"Babu," in ji Badaru. "Amma kina barinta ta daɗe."

"Su suka ce sabuwa ba ta da cizo! Usuman, ba kai ka ce in riƙa ƙara mata kwana ba?"

Baba Usuman ya leƙa cikin kofinsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. "Ni dai na ce gwiwa na saki. Barci kuma sai an tashe ni." Ya ajiye kofin a ƙasa, ya ja da baya, ya sake kallonsa. "Amma wanda bai sani ba ai ba a rubuta masa, ko?"

"Yanzu dai ka sani, Baba," in ji Wejdan.

"Na sani, 'yata. Abin da ya ɓata mini rai ke nan."

Inno ta dire ludayi ta hau faɗa, tana rantsuwa da duk abin da ta sani, tana cewa Nasara sun lalata wa yaron nan hanci, komai ya shaƙa giya yake ji. Wejdan ta riƙe kafaɗunta tana lallashi. Ba ta lura da abin da Badaru ke yi a bayanta ba sai da ta juyo ta ga waya a hannunsa.

"Me kake yi?"

"Thamer zan kira. Ba dariya yake so ya ji ba? Zai ji. Aikinki ya tsira, ƙanwata. Kin san abin da zan rubuta? A tsohuwar unguwa, bayan koriyar ƙofa, wata dattijuwa na yin abin da manyan otal suka kasa. Baƙina za su yi layi a nan."

Na ɗan lokaci Wejdan ta ji sanyi a ƙirjinta. Kira ɗaya. Makullin ya zauna a jakarta, gobe ta tashi ta tafi aiki kamar kullum, Thamer ma har ya yaba mata. Sai ta dubi Inno, ta hango layin baƙin da yake faɗa, ta hango motar hukuma da za ta biyo bayansu. Tsohuwa ba takarda, ga randa cike da abin da doka ta hana. Daga ɗauri sai jirgi, a sauke ta a ƙasar da duk wanda ta sani a cikinta ya riga ya kwanta dama. Kuma Thamer zai kaɗa kai ya ce, ai na faɗa, su sun sani.

"Ajiye wayar."

"Ƙanwata, ki tsaya ki..."

"Na ce ajiye!"

Ta tattare abayarta, ta shiga ƙarƙashin benen, ta rungumi randar. Nauyi gare ta. Ta sa gwiwa ta tura.

"Wejdan! Kar ki taɓa mini randa! Uwarki ce ta saya mini ita!"

"Ki yafe ni, Inno."

Randar ta karkata, ta faɗi a kan siminti, ta rabe biyu. Ruwan zabibi ya malale tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin sandar Baba Usuman, ya gangara magudana yana kumfa. Badaru ya dafe kai kamar an yi masa mutuwa. Wejdan ta ɗauki kofin silbar ta juye shi ma a magudanar, ta kwara ruwa, ta zazzaga garin sabulu, ta miƙa wa Badaru tsintsiya.

"Ka iya tofarwa, sai ka iya shara. Yalla."

Ya karɓa, ya naɗe ƙafar wando.

Inno ta zauna a kan tabarma, ta juya wa kowa baya.

"Sobiyata halal ce," take ta faɗi. "Ko a gaban wa zan faɗa."

"Farar da jar halal ne, Inno. Su za ki ci gaba da yi. Ta dattawa kuwa ta mutu yau."

"Allah ya jiƙanta," in ji Baba Usuman, ya ɗauki kofinsa ya fice.

Wejdan ta kwashe kaskon randar a buhu, ta zuba turaren wuta a garwashi har hayaƙi ya turnuƙe gidan. Sannan ta share hannu ta kira Thamer da kanta, ta sa kowa ya ji.

"To?" ya ce. "An samu?"

"Na kai shi Hindawiyya kamar yadda ka ce. Ya ci tuwo, ya ci tsire, ya sha farar sobiya. Abin da muke da shi ke nan."

"Ba wasa nake ba, ya Wejdan."

"Ni ma haka. Motarka na bakin layinmu, makulli na wurin mai tsire, ka aiko a ɗauka. Katin da ke wuyana kuwa ba kai ka ba ni ba, da gumina na same shi. Kuma ka ji, Ustaz: in kana neman mai shiga maka lungu, ka nema a cikin danginka."

Ta kashe tun bai ja numfashi ba.

Badaru ya jingina tsintsiya, ya zo ya durƙusa nesa kaɗan da Inno.

"Hajiya, ba zan rubuta ba. Na rantse. Zan ce musu Jidda bayanta teku ne."

"Tashi ka ba ni wuri."

"Amma wallahi hannunki..."

"Tashi na ce!"

Rana ta yi ja a kan benaye, masu shaguna sun fara jawo ƙofofi don salla. Wejdan ta kai wa mai tsire makulli, ta dawo ta ɗauki jakarta don ta raka baƙon ya sami tasi. Sai ta ga ya ƙura wa wayarsa ido, goshinsa ya tsattsafo da gumi.

"Me kuma?"

"Ƙanwata... ɗazu, lokacin da Hajiya ke ɗebo mini. Hannu ne ya saba. Hoto ɗaya tak. Randar kawai."

"Ka tura wa wa?"

"Shafina na sa. Na goge yanzu. Amma wayar tana sa sunan wuri da kanta, kuma..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba bugun 'yan layi ba ne, waɗanda ke turowa da sallama. Bugu ne a natse, na wanda bai saba jira ba.

Inno ba ta tambayi kowa ba. Ta miƙe, ta kwashi takalmanta a hannu, ta shige ɗakin baya kamar yadda ta saba yi shekara da shekaru. Wejdan ta gyara mayafi, ta fito da katinta saman abaya, ta buɗe ƙofar kaɗan, ta tare da jikinta.

Wani dogon mutum ne cikin farar riga mai guga, ba ta taɓa ganinsa a unguwar ba. A bakin layi, bayan farar motar da ta daina zama tata, wata baƙar mota ta tsaya, injinta na aiki. Mutumin ya ɗaga hanci ya shaƙi hayaƙin turaren, ya yi ɗan murmushi. Ya juyo mata da fuskar wayarsa. Ga randar, ga faifan, ga ludayi.

"Nan ne gidan?" ya tambaya da Larabci.

"Gidana ne. Da ni za ka yi magana."

Ya dubi hannunta da ke riƙe da ƙofar, ya sa yatsu ya buɗa hoton, har hannun da ke riƙe da ludayin ya cika fuskar wayar, jajir da lalle.

Sai ya juya harshe zuwa Hausa, tsantsa, ba gargada.

"Ba ke nake nema ba, 'yammata. Kira mini mai lallen."